Hukuncin tura yaro sansanin balaga na dangin uwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya cika shekara 15. Dangin mahaifiyarsa suna da al'adar keɓe samari a daji wata guda, in sun dawo a ce sun zama maza. Kawunnansa sun matsa sai ya je, shi ma yana so. Na tambayi abin da ake yi a can, suka ce sirri ne, ko uba ba a faɗa wa. Wani ɗalibi kuma ya ce ko walima na yi masa a gida a maimakon haka, bidi'a ce da koyi da kafirai. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya shirya maka shi.

Ɗan'uwa, hukuncin yana cikin kalma ɗaya da ka faɗa: sirri. Da sun bayyana maka abin da ake yi, da mun bi shi ɗaya bayan ɗaya, mu ware mai kyau mu zubar da sauran. Tunda sun ce ko kai ba za ka sani ba, bai halatta ka tura shi ba. Yaron amana ne a wuyanka, kuma ba a miƙa amana ga abin da aka rufe wa mai ita ido. Wa zai tabbatar maka yana salla a wannan watan, alhali mai yiwuwa alƙalami ya riga ya hau kansa? In akwai yanka don kakanni ko rantsuwa da wanin Allah, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Haɗarin jiki ma na gaske ne. A lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, kusan kowace kakar kaciyar daji sai an rasa samari saboda ƙishirwa da ruɓewar rauni, har gwamnati ta yi doka a 2021 da ta hana shigar da yaron da bai kai shekara 16 ba irin wannan sansani. Kuma sirrin nan ne ke sa yaro ya danne ciwonsa don kada a ce masa rago.

Amma maganar ɗalibin nan ban yarda da ita ba, kuma zan tsaya a kanta domin tana yawo. Bidi'a tana shiga abin da aka ɗauka ibada ce da Allah Ya shar'anta. Uban da ya tara 'yan'uwa ya ciyar da su don godiya bai ƙara komai a addini ba, matuƙar bai ce sunna ce ba, bai kuma mayar da ita idin shekara-shekara ba. Asalin al'adu halacci ne. Malaman fiƙihu sun ambaci walimar kaciya da ta haddar Alƙur'ani a cikin nau'o'in walima, ba su kira su ɓata ba. Koyin da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addinin wasu, kamar bikin da Yahudawa ke wa ɗan shekara 13 a majami'arsu. Taron da Japanawa ke wa 'yan shekara 20 a Litinin ta biyu ta Janairu kuwa hukuma ce ke shirya shi, ba na addini ba ne. Wanda ya jefa su kwando ɗaya bai tantance ba. Sannan shaida wa yaro cewa ya girma yana da tushe a wurinmu. Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14 aka mayar da shi, ranar Handaƙ yana da 15 aka karɓe shi, kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya riƙi wannan iyaka tsakanin yaro da babba. Samura ɗan Jundub sai da ya kayar da wani yaro ɗan'uwansa sahabi, Rafi'u, a kokawa kafin a bar shi ya fita yaƙi. Jarrabawa ce, amma a bainar jama'a, a gaban Manzon Allah (SAW).

Abin da ya fi damuna shi ne cewa yaron da kansa yana so. Ba dajin yake sha'awa ba, so yake manya su dube shi su ce ya isa, kuma a nan kawunnansa sun riga ka gane shi. In ka hana shi ka yi shiru, tsoron da nake ji shi ne ya bi su ba da saninka ba. Ka zauna da shi ku biyu, ka koya masa wankan janaba da bakinka, kada ka bar wa waya wannan aikin. Ka damƙa masa wata hidimar gida da kuɗinta, ka bar shi ya yi kuskure ya gyara. In ka yi walimar ka gayyaci kawunnan, ka ba su wurin zama na girma, domin zumuncinsa ne. Mahaifiyarsa kuma ka fara shawara da ita kafin kowa ya ji, don ita za ta sha maganganun danginta bayan kai ka tashi.

Wallahu a'alam.