Tsawon tartsatsin kwayil ɗin Tesla da wutar da yake ci

Ka ce kwayil ɗin Tesla da ka haɗa, wato na'urar nan mai naɗaɗɗun wayoyi da ke ɗaga ƙarfin lantarki har ya yi tartsatsi a iska, yana ba ka tartsatsi kamar santimita 25, da tiransifomar fitilar neon mai volt 10,000 da miliamfiya 30, kana tambaya ko in ka ƙara wata irinta zai kai rabin mita. Ba zai kai ba, ɗana. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna.

Masu wannan aiki a Amurka suna da ma'aunin da wani daga cikinsu, John Freau, ya fitar don kwayil mai gibin tartsatsi irin naka, wato mai 'yar tazara tsakanin ƙarafa biyu da wuta ke tsallakawa. Ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba ka wat ɗin da kake ci, ka ninka ta da 1.7, abin da ya fito shi ne tsawon tartsatsi a inci, in komai ya zauna daidai. Tiransifomarka wat 300 ce a takarda, lambarta 17 da ɗoriya, in ka ninka da 1.7 inci 29 ke nan, kusan santimita 75. Mita ɗaya tana neman wajen wat 540. Mita biyu kuwa ta haura wat 2,100. Kamar gona ne: in ka ninka tsawonta da faɗinta, iri ninki huɗu za ka nema. Tiransifoma ta biyu za ta ɗaga ka daga 25 zuwa 35 ne kawai. Shi kansa Nikola Tesla, da ya yi rajistar na'urar a 1891, lokacin da ya so manyan tartsatsi a Colorado Springs a 1899 sai da ya gina ɗakin gwaji sukutum, ya jawo wuta daga kamfanin lantarkin garin.

To duba naka. Wutar da ke hannunka ta isa 75, kana samun 25. Gaskiya ƙananan kwayil ba su cika taɓa lambar Freau ba, amma kashi ɗaya cikin uku ya yi kaɗan. Wutar tana shiga, a hanya take zubewa, kuma nan ne aikinka yake.

Fara da saiti. Waya mai kauri ta ƙasa tare da kafasito, wato abin da ke tara caji, suna kaɗawa a saurinsu, siririyar wayar da ka naɗa a bututun roba tare da hular samanta su ma suna da nasu saurin, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Sai saurin nan biyu ya zo ɗaya ƙarfi ke hayewa daga ƙasa zuwa sama. Na ga ka yi wa mahaɗin wayar ƙasa dalma ka kashe shi wuri ɗaya. Cire, ka sa maƙali. Ka rage wuta, ka matsa zagaye ɗaya, ka gwada, ka kashe, ka sauke cajin kafasito, ka sake matsawa. Da ka kusa wurin, rubu'i-rubu'in zagaye za ka riƙa bi. Yawancin yaran da ke kukan ƙarancin wuta, a nan ciwonsu yake.

Tartsatsin nan kuma ba bugu ɗaya ke yin sa ba. Iska tana bukatar wajen volt 30,000 kafin wuta ta keta santimita ɗaya tsakanin faranti biyu masu santsi, da haka ne abin yake tafiya, da mita ɗaya sai volt miliyan 3, kuma ba ka da su. Abin da ke faruwa shi ne, wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kafasito ya cika ya fashe a gibi sau 100 ko fiye. Bugu na farko ya buɗe 'yar hanya mai zafi a cikin iska, kafin ta huce na biyu ya bi ta ya ƙara gaba, na uku ya ɗora. Shi ya sa in ka fitar da shi tsakar gida da iskar hunturu sai ka ga ya gajarce, iska na share hanyar kafin bugu na gaba ya iso. Ƙurar da ke kwanciya a jikin bututun ma ba alheri ba ce, goge ta kafin ka kunna.

Hular taka, murfin tukunyar nan, ta yi ƙanƙanta, bakinta kuma kaifi ne. Wuta na tsiyaya ta kowane gefe tun ba ta taru ba, sai ka samu ƙananan tartsatsi goma maimakon dogo ɗaya. Nemi bututun alminiyam mai lanƙwasuwa ka yi masa zobe mai santsi, ka kafa ɗan tsinken waya guda a gefe don wutar ta fita ta nan. Babbar hula tana rage saurin kaɗawa, don haka saiti zai koma sabo. Shi kuma gibin, in ya yi zafi ba ya mutuwa da wuri, sai ƙarfin da ya hau sama ya dawo ya ƙone a cikinsa. Raba shi gida huɗu ko biyar da guntayen bututun jan ƙarfe, ka sa masa fanka. Kada ka buɗe shi da faɗi don kwaɗayin tsawo, tiransifomar neon ba ta jure haka, cikinta zai ƙone.

Ka riƙa auna wutar soket kafin ka yanke hukunci. Ƙarfin da kafasito ke ɗauka yana bin volt sau volt ne, in 230 ta sauko 180 abin da ya rage maka kashi 61 ne cikin ɗari. Kuma ka kafa wa kwayil ɗin sandar atin tasa daban, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wuta ta bi, kada ka haɗa da ta shago, in ba haka ba inbata da talabijin ɗin mutane ne za su biya. Ƙasar Katsina rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas, sai ka jiƙa gindin sandar.

Saura maganar da ba ka faɗa ba amma na ga alamarta: tsofaffin tiransifomomin maikirowef biyu da ka ɓoye ƙarƙashin benci. Ba a shagona ba. Ta neon an gina ta ne ta tsaya a miliamfiya 30 ɗinta, ita ma tana iya kashewa. Ta maikirowef volt 2,000 ce da wajen rabin amfiya ko fiye, ba ta ba mutum damar janye hannu. Wanda ya ce maka wutar da ke fita a saman kwayil ba ta cutarwa tunda ba a jin fizgarta, kada ka saurare shi, tana ƙona nama ta ciki. Kafasito kuma yana riƙe caji bayan an zare fulogi, ka ɗaura masa rizisto mai sauke shi, duk da haka ka taɓa shi da sanda mai atin kafin hannunka ya je. Warin nan mai kaifi da kake ji na iskar ozon ne, tana cin huhu, a buɗe ƙofa da taga.

Gobe bayan la'asar ka zo da maƙali da tef ɗin awo. Za mu kafa sanda mai atin a gabansa mu riƙa ja da ita baya, mu rubuta tsawon kowane zagaye. In ka haura santimita 50 da tiransifomar nan guda, sai mu yi maganar ta biyu, da sabon kafasiton da za ta nema.