Kan scikit-learn ɗin da ya ƙi shiga Jupyter

Ƙanina na ga saƙonka. Ka ce ka buga pip install scikit-learn a taminal don sauko da wannan laburaren Python na koyon inji, ya sauka lafiya lau, amma da ka koma Jupyter, inda kake rubuta kod a notbuk, ka rubuta import sklearn sai ya jefo maka ModuleNotFoundError, kana tambaya ko ka goge Anaconda, ƙunshin da ke zuwa da Python da Jupyter, ka sake sakawa. Don Allah kar ka goge komai, lafiyar kwamfutarka ƙalau.

Python ɗin da ke injin naka ba guda ɗaya ba ne. Akwai wanda ka sauko daga python.org, ga wanda Anaconda ya zo da shi, ƙila ma da na uku a wani venv (keɓaɓɓen muhallin Python na aiki guda) da ka manta, kuma kowanne da wurin da yake ajiye laburarensa, shi kuma notbuk ba ruwansa da taminal ɗinka, kanel ɗin da aka haɗa shi da shi, wato Python ɗin da ke gudanar da kodinsa, kawai ya sani. Ka kai kaya gidan maƙwabci ne kana nema a ɗakinka. Buɗe sel a notbuk ka rubuta import sys, ƙasansa sys.executable, zai nuna maka Python ɗin da notbuk ke aiki da shi. Sai ka je taminal ka buga where python tunda Windows kake, ka kwatanta. Ina da yaƙinin hanyoyin biyu ba za su zo ɗaya ba.

Maganin nan take, cikin notbuk ɗin kansa ka rubuta %pip install scikit-learn, da alamar % fa, ba ! ba. Mai ! ɗin miƙa wa shel yake, wato mai karɓar umarnin taminal, ya zaɓi duk pip ɗin da ya fara gani, mai % kuwa, wanda ya shigo IPython 7.3 (manhajar da kanel ke aiki a kanta) a 2019, Python na kanel yake bi kai tsaye. In ya gama ka yi wa kanel ristat kafin ka sake impot. Sannan ka kula da suna, sakawa scikit-learn ne, kira kuma sklearn, in ka buga pip install sklearn yanzu kuskure zai ba ka don an daina wannan tun ƙarshen 2023.

Amma ni abin da nake so ka saba da shi, kowane aiki da nashi venv. Ka ƙirƙira, ka kunna shi, ka saka ipykernel, mai haɗa venv da Jupyter, a ciki, sai python -m ipykernel install --user --name aikina, zai fito a jerin kanel ka zaɓe shi. Kuma ka riƙa rubuta lambar siga, misali scikit-learn==1.4.2, a requirements.txt, fayil ɗin jerin laburaren aikinka. Wannan ba tsirfa ba ce wallahi, da sigar 2.0 ta NumPy, laburaren lissafi da scikit-learn ya dogara da shi, ta fito a Yunin 2024 laburare da yawa da aka gina kan tsohon sun daina buɗuwa, mutane ba su taɓa kodinsu ba amma aiki ya tsaya. Model ɗin da ka adana da wata siga ma in ka buɗe da wata gargaɗi zai yi maka, wani lokacin ya ƙi gaba ɗaya.

In a Colab ne, wato notbuk ɗin Google na intanet, an riga an saka scikit-learn, impot kawai za ka yi. Duk ƙarin da ka saka dai yana tafiya in injin ya rufe, don haka ka ajiye layin %pip a sel na farko. Saukewar a sabar Google ake yi, ba ta cin datar wayarka.

Gwada yanzu, in ya sake ƙi turo min abin da sys.executable ya nuna da layin ƙarshe na kuskuren.