Nevaeh: Sunan da Sai an Karanta Shi Daga Baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta sauka lafiya, an samu mace. Sunan mahaifiyarmu jaririyar ta ci, to da aka zo batun alkunya sai uwar ta ce Nevaeh za a riƙa kiran ta, wai sunan yayi ne a can, kuma ma'anarsa aljanna. Mu dai nan gida ko faɗarsa mun kasa. Daga wane yare ya fito, kuma gaskiya ne abin da ta faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah Ya raya ta, Ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai akwai ragowar zance. Ɗauki biro ki rubuta kalmar Turanci heaven, sannan ki jero haruffanta daga na ƙarshe zuwa na farko: n, e, v, a, e, h. To kin ga Nevaeh ke nan. Iyakar asalinsa ke nan. Ba Larabci ba ne, ba Ibrananci ba, ba kuma wani tsohon yaren Turai ba. Wasa ne da haruffa, kamar dai zaurancen da 'yan mata ke yi don kada a gane hirarsu, sai dai shi wannan a kan takarda aka yi shi. Ita kuwa heaven tsohuwar kalma ce, tun Turancin dauri ana amfani da ita, tana nufin sama, tana kuma nufin gidan ni'ima na lahira, wato abin da mu za mu kira aljanna.

Wasu kan haɗa shi da sunan mutanen Ailan, Niamh, wanda ake furtawa kusan "Niv", mai ma'anar haske ko ƙyalli. Kamar da ke tsakaninsu ta kunne ce kawai, ba su haɗa kaka ba.

Furucinsa a bakin Amurkawa gaɓa uku ne: ne-ve-ya, da ƙarfi a kan ta tsakiya. Tun da Hausa ba ta da harafin v, ina tabbatar miki kafin a yaye yarinyar ya koma Nabeya a bakin dangi.

Labarin yaɗuwarsa shi ne abin mamaki, domin da wuya a samu sunan da ake iya nuna shekarar tashinsa da yatsa kamar wannan. Hukumar kula da fansho da walwalar jama'a ta Amurka tana fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara, kuma kundinta ya koma baya har 1880. A 1999, 'yan mata 8 kacal aka sa wa Nevaeh a duk faɗin ƙasar. A 2000 sai wani mawaƙi, Sonny Sandoval, jagoran ƙungiyar kiɗa ta P.O.D. daga San Diego a jihar Kalifoniya, ya fito a wani shirin tashar talabijin ta MTV da ake zagayawa da masu kallo cikin gidajen taurari. Ya nuna jaririyarsa, ya faɗi sunanta, ya kuma bayyana cewa heaven ce aka juya. Ba shi ya ƙirƙiro sunan ba, tun da ga waɗancan 8 sun riga, amma shi ya kai shi kunnen miliyoyin mutane a zama ɗaya.

Daga nan sai kamar wutar daji. A 2001 sunan ya shiga sahun sunaye 1,000 da aka fi sa wa mata, kuma bai shigo ta wutsiya ba, a mataki na 266 ya sauka. A 2005 ya kai na 70, jarirai sama da 4,000 a shekara guda, har ya tsere wa tsofaffin sunaye irin su Sara da Amanda. Ƙololuwarsa ita ce 2010, lokacin da ya taka mataki na 25. Tun daga nan yake gangarowa sannu a hankali. Saboda haka in ƙanwarki ta ce sunan yayi ne, sai in ce yayin ya ɗan kwana biyu: mafi yawan masu sunan yanzu 'yan mata ne, wasu ma sun isa aure.

Me ya sa ya karɓu haka? A nawa ganin abu biyu ne suka haɗu. Amurkawa da dama suna son suna mai ƙamshin addini, shi ya sa ya samu shiga sosai wajen Kiristoci masu riƙo da ibada, da kuma baƙar fatar ƙasar, waɗanda dama sun daɗe da al'adar ƙirƙirar sababbin sunaye. Sannan sunan yana zuwa da ɗan labarinsa a goye. Duk wanda ya tambayi uwa, za ta ce "karanta shi daga baya," mai tambaya ya yi murmushi. Dabarar ma ba sabuwa ba ce a can, akwai maza masu suna Semaj, wato James da aka juya.

Amma duk abin da ya yi farin jini ba ya rasa masu jin haushinsa. A 2011 wata mai nazarin sunaye, Laura Wattenberg, ta tattara ƙorafe-ƙorafen da mutane ke yi a intanet kan sunayen da suka fi tsana, sai ga Nevaeh a kan gaba a ɓangaren mata. Masu ba'a har kan ce ai in aka juya aljanna, kishiyarta aka samu. Wannan shaƙiyanci ne kawai, juya haruffa ba ya juya ma'ana. Matsalar da ta fi wannan gaskiya ita ce ta rubutu. Iyaye da yawa sun rubuta Neveah, saboda ya fi dacewa da yadda ake faɗa, alhali in ka juya wannan ba heaven za ka samu ba. Harafi biyu suka yi musayar wuri, ma'anar ta zube gaba ɗaya. In har an tsaya a kan sunan, a ja kunnen ƙanwar taki: harafin a ne ke zuwa kafin e ta biyu.

Nan ne ma nake ganin raunin sunan ga gida irin naku. Ma'anarsa a ido take, ba a kunne ba. Sai wanda ya iya karatun boko, ya san Turanci, ya kuma ga sunan a rubuce ne zai gane abin da ake nufi. Alkunya kuwa da baki ake yin ta, domin 'ya'ya da surukai su kauce wa kiran sunan tsohuwa gatsau. A can makaranta a Amurka yarinyar ba za ta sha wahala ba, malamai sun saba da sunan. A nan gida kuwa, in aljannar ce uwar ke so, ai muna da Firdausi, kowa ya ji ya san inda aka dosa. Kuma tun da sunan mahaifiyarku ta ci, ko me aka zaɓa a can, ku dai na san Ummi ko Mami za ku ƙare da kira.