Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan da Ake Cewa an Ɓoye

Tambaya: Na saya wa 'yata Littafi Mai Tsarki, sai na tarar da littattafai 73 a ciki, alhali na gidanmu 66 ne. Ko jabu aka sayar mini? (Wata uwa daga Kafanchan)

Mama, ki kwantar da hankalinki, ba a cuce ki ba. Bugun Katolika kika saya, kuma guda bakwai ɗin da suka ƙaru, irin su Tobit, Yudit, Sirak da Makabi na ɗaya da na biyu, duk a Tsohon Alkawari suke. Sun zo ne ta tsohuwar fassarar Helenanci da Kiristocin farko suka riƙa karantawa, su kuwa 'yan Furotesta jerin Ibrananci na Yahudawa suka bi. Sabon Alkawari littattafai 27 ne a wajen ɓangarorin biyu. Ki tambayi ikilisiyarku wanda suke amfani da shi, idan ba shi ba ne ki mayar a canza miki tun kafin yarinya ta rubuta sunanta a ciki.

Tambaya: Wani yana tallar kundin "linjilolin da aka ɓoye a taron Nikiya" ta WhatsApp, kuɗinsa ya kusa na buhun masara. In saya? (Wani ɗalibi daga Jos)

Kada ka saya, kuma abin takaici ne a ce ɗalibi ne yake wannan tambaya. Taron Nikiya na shekarar 325 bai zauna don zaɓen littattafai ba. Gardamar da wani malamin coci mai suna Ariyus ya tayar a kan matsayin Yesu Almasihu da batun lokacin Ista ne suka tara bishop-bishop a can. Jerin Sabon Alkawari a hankali ya haɗu. Wasiƙun Bulus ne suka fara fitowa wajen shekarar 50, linjiloli huɗu suka biyo baya kafin ƙarshen ƙarni na farko ko dab da shi, duk da Helenanci, ana kwafarsu da hannu a kan takardar fafirus ana aika wa ikilisiyoyi daga gari zuwa gari. Wajen shekarar 144 wani mai koyarwa mai suna Markiyon ya fito da nasa jerin a Roma, wato Linjilar Luka da ya datse da wasiƙun Bulus goma, aka ƙi shi. Wajen 180 bishop Ireniyus yana maganar linjiloli huɗu a matsayin abin da aka riga aka sani. An daɗe ana ja-in-ja a kan littattafan Ibraniyawa, Yaƙub, Bitrus ta biyu da Ru'ya ta Yohanna, har sai a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a 367, aka ga cikakken jerin 27 ɗin nan, tarurrukan bishop-bishop na biranen Hippo a 393 da Kartaj a 397, a Arewacin Afirka, kuma suka amince da shi.

Littattafan da suka rage a waje ba a kulle suke ba. Linjilar Toma, mai ɗauke da zantuka 114, an tono ta a Nag Hammadi ta ƙasar Masar a 1945, an fassara ta an buga tuntuni, kuma kyauta ake karanta ta a intanet. Abin da mai tallar nan ya yi shi ne ya sauko da ita, ya buga a shagon kwafi, ya liƙa mata labarin makirci domin farashi ya tashi. Ka ƙara yin hattara da masu cewa suna da guntun tsohon rubutu na asali, domin a 2020 wani gidan tarihin Baibul a Washington ya sanar cewa guntaye 16 da ya mallaka na naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri, wato tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa da aka gano a koguna kusa da tekun, duk jabu ne, ga shi kuwa yana da ƙwararru da kuɗin gwaji. Idan tarihin ne ya dame ka, ɗakin karatun makarantar tauhidi mafi kusa da kai ya ishe ka.

Tambaya: Littafi Mai Tsarki mai bangon fata da bakin zinariya ya fi inganci?

Ya fi tsada dai. Ka duba sunan mawallafi da shekarar bugu, ka buɗe tsakiya da ƙarshe ka tabbatar babu shafukan da suka ɓace ko suka maimaitu, domin bugun sata ya yi yawa a kasuwa. Idan na Hausa ne, ka karanta sura ɗaya a shagon, saboda Hausar fassarar 1932 tana yi wa matasan yanzu nauyi.