Amsa: kilomita nawa motar lantarki za ta yi kafin ta ishe ka a Maraɗi?

Malam, ka tambaya ko sai ka sayi mai kilomita 500 a caji ɗaya. In zirga-zirgarka cikin gari ce, har da leƙawa Tibiri ko Madarunfa, da wuya ka wuce kilomita 50 a wuni. Mai 250 ta wadatar.

Sai dai kar ka ɗauki lambar da kamfani ya rubuta yadda take, balle ta CLTC, gwajin auna nisan tafiya da ake yi wa motocin Sin. Rage kusan kashi 30 cikin ɗari, saboda gudu a kwalta da na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu. Kuma batir ya fi daɗewa in ana tsayar da caji a kashi 80 cikin ɗari, ba a barinsa ya sauka ƙasa da kashi 20. Ka ga mai 400 a takarda, abin da za ka mora kullum bai kai 200 ba.

Damagaram kusan kilomita 240 ce, don haka ko mai 400 sai da caji cikakke. Yamai kuwa ta haura 600, ba ta yiwuwa sai an tsaya.

Ni caji ya fi damuna. Soket ɗin gida na ba da kamar kilowat 2, wato cajin awa ɗaya na ba ka tafiyar kilomita 12. Ga ɗaukewar wuta. Sa ma'aikacin lantarki ya duba wayoyin gidanka tukuna, siririyar waya zafi take yi har ta narke.