Batirin Kwamfutata Ba Ya Kai Awa Ɗaya: Wace Manhaja Zan Saka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, ina zaune a Arkilla, cikin garin Sakkwato. Bara na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu domin rubuta kundin kammala karatu. Yanzu idan aka ɗauke wuta ba ta kai awa ɗaya, wani lokacin ma tana nuna kashi 30 cikin ɗari sai ta mutu ɗif. An ce mini akwai manhajar da ke ninka ƙarfin batir. Gaskiya ne, kuma wacce zan saka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa a kammala lafiya. Babu wata manhaja da ke mayar wa batir ƙarfin da ya riga ya rasa, kuma yawancin masu wannan alkawari tallace-tallace suke ɗauke da su, har ma su ƙara wa na'urar nauyi. Batirin irin wannan kwamfuta na lithiyum ne, sinadaran cikinsa kuwa suna gajiya da kowane zagayen caji, kamar randar da laka ta taru a gindinta: kin cika ta har baki, amma ruwan bai kai na da ba. Abin da manhajar kirki za ta iya shi ne ta faɗa miki gaskiyar abin da ya rage, sannan ta taimaka miki ki daina ɓarnatar da shi.

Saboda haka ki fara da awo, kuma idan Windows kike amfani da ita, ma'aunin yana ciki tun daga Windows 8. Ki rubuta cmd a gurbin bincike, ki buɗe baƙin allon da ya fito, ki rubuta powercfg /batteryreport, ki danna Enter. Za ta nuna miki inda ta ajiye rahoton, sai ki buɗe shi kamar shafin intanet. Layuka biyu ne abin dubawa: "Design capacity", wato ƙarfin batirin ranar da ya bar masana'anta, da "Full charge capacity", wato abin da yake iya ɗauka a yau. A ce na farko ya nuna 45,000 mWh, na biyu kuma 18,000. Ke nan kashi 40 cikin ɗari kaɗai ya rage, kuma a ganina duk batirin da ya faɗi ƙasa da rabi, kuɗin sabo ya kamata a fara tarawa. Wannan umarni shi ne ya dace mai sayen kwamfuta ta hannu ya gwada a gaban mai shago kafin ya zaro kuɗi, maimakon dogaro da "batirinta na da kyau". Mai son ganin alƙaluman suna motsi kai tsaye na iya sauke BatteryInfoView ta NirSoft, kyauta ce kuma ƙarama, masu MacBook kuwa suna da coconutBattery.

Mutuwar da take yi a kashi 30 alama ce ta cewa lissafin da na'urar ke yi ya saɓa da ainihin halin batirin, abin da ke yawan faruwa idan ya tsufa. Ki cika shi sarai, ki yi aiki har ta mutu da kanta, sannan ki sake cika shi ba tare da yankewa ba. Sau ɗaya ya isa, domin yawan zuƙe batirin lithiyum har ƙasa yana cutar da shi. Wannan ba zai ƙara ko minti ɗaya ba, amma yakan sa adadin da kike gani ya kusanci gaskiya. Kafin nan, kada yatsunki su yi nisa da Ctrl da S, wato maɓallan da ake dannawa tare don ajiye aiki.

Wajen tsawaita lokaci, hasken fuskar kwamfuta na cikin manyan masu shan caji, don haka ki rage shi gwargwadon yadda idonki zai iya karatu. Windows 10 tana kunna tsarin tattalin batir da kanta idan caji ya sauko kashi 20, amma kina iya kunna shi da hannu da zarar an ɗauke wuta. Ki danna Ctrl, Shift da Esc tare, ki ga manhajojin da ke aiki a ɓoye, ki rufe shafukan Chrome da ba ki buƙata. Akwai kuma al'adar ɗalibai ta jona waya a jikin kwamfuta idan babu wuta. Duk abin da wayar ta sha, daga lokacin rubutunki aka yanke shi.

Babban abokin gaban batir a garinmu shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ba da shawarar amfani da kwamfutocinsa tsakanin digiri 10 da 35, alhali a watan Afrilu Sakkwato takan haura 40. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo yana toshe ƙofofin iskarta, ƙurar hunturu kuma tana cika fankar ciki, saboda haka ki ɗora ta a kan tebur ko faranti, ki kuma kai ta a busa mata ƙura bayan hunturu.

Wasu kamfanoni suna da manhajar da ke tsayar da caji kafin ya cika domin batir ya daɗe: Lenovo Vantage, da Dell Power Manager, da MyASUS wadda ke ba da zaɓin tsayawa a kashi 80 ko 60. Dabara ce mai kyau ga wanda kwamfutarsa ke wuni a jone da sola ko inbata a ofis. Ke da ba ki san lokacin da za a kawo wuta ba, ban ba ki shawarar kunna ta ba, ki cika shi duk lokacin da kika samu dama.

Abu ɗaya kuma ki duba yau: idan wurin jan yatsa (touchpad) ya taso, ko bayan kwamfutar ya kumbura har ba ta zama daidai a kan tebur, batirin ne ya kumbura. Ki daina yi masa caji, kada ki danne shi ko ki huda shi, ki kai wa mai gyara ya cire shi.