Fentin ruwa a jikin kabad: me ya sa ba ya yin sumul?

Tambaya: Malam, na sa an shafa wa kabad ɗin kicina da katakon bakin ƙofofi fentin ruwa, amma duk sawun buroshi ya fito, ƙofofin kabad kuma suna mannewa. Ina gyaran? Daga wata uwargida, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Hajiya, yawanci zafinmu ne sila. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40, sai ruwan fentin ya tsotse tun bai kwanta ba, sawun ya daskare. Shi ya sa ni da asuba nake shafawa, a inuwa, tagogi a rufe saboda ƙura.

A fara wanke maiƙon girki da sabulu, ya bushe. A goge da samfefa mai lamba 220 har hannu ya ji santsi, a share garin da tsumma mai ɗanshi. In tsohon fentin na mai ne, sai an sa fentin shimfiɗa mai kamawa, in ba haka ba farce ma zai ɓare sabon.

A ɗan sirka fentin da ruwa, kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri, da buroshin nailon ko ƙaramar rolar soso, ana bin tsawon katako. Inda aka wuce kada a koma, wannan ne ya fi ɓata aiki.

Mannewa kuwa, fentin ruwa yakan bushe a sama cikin awa guda, amma ƙarfinsa sai bayan sati 3 zuwa 4. Ki bar ƙofofin a buɗe kwanakin farko, kada ki jera kwanuka tukuna.